Birni Ya Biyo Takinsa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara wa muryarka lafiya. Ni tsohon manomi ne daga wani ƙauye bayan Bacirawa.

Muna yara, da jakuna muke shiga birni mu ɗebo shara, ita ce takin gonarmu. To yanzu birnin ya biyo takinsa, har ya iso bakin gonata.

A ƙasan gonar akwai kwari. Da rani a bushe yake ƙamas, da damina kuwa ta nan ruwan ƙauyenmu yake wucewa. Mahaifina yakan ce Haɗeja ya nufa, daga can ya bi iyakar Nijar har Tafkin Cadi. Matafiyi ne, shi ya sa ko rumbu ba a kafawa a hanyarsa.

Bara maƙwabcina ya yanka nasa ɓangaren kwarin fulotai, wani ma'aikaci ya saya da rani ya fara gini. Na ce, "Malam, wurin nan da mai shi, da damina yake zuwa." Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai siminti ne, ba jar ƙasa ba."

Gaskiyarsa kuwa, katangarsa ko gezau. Ruwa ya zo ya tarar an tare masa hanya, sai ya yi sallama a gidana, ya tafi da rumbun gerona.

Yanzu ɗana ya matsa mu ma mu sayar mu tashi. Ina gaida abokan hirata na kasuwar Ɗanbatta, su da sauran masu sauraro su ba ni shawara. In na sayar aka gine, gidan ƙanwata ne a ƙasa da nawa, kuma baƙon nan bai fasa zuwa ba.