Ƙwallayen Gilashi Cikin Tukunyar Acca

LAI'ATU: Afiniki? Ke ce, ko ƙarfen ne ke ƙara?

AFINIKI: Ni ce, Kaka! Ina kwana? Yaya Kafanchan? Yaya ƙafar?

LAI'ATU: Ƙafa tana nan, ita ta kawo ni tashar jirgi. Akawu ya ce minti uku. Yaya Ikko, yaya asibitinku? Kina cin abinci?

AFINIKI: Ina ci. Lafiya dai?

LAI'ATU: Lafiya. An gama girbi. Akuya ta haihu. Na yi ɓarna.

AFINIKI: Wace ɓarna?

LAI'ATU: Ƙwallayen gilashin Kirsimeti. Na tono su daga tukunyar acca inda nake binne su, na ga na mamanki ya dushe, jan nan. Na ce bari in wanke. Na sa toka da ruwan zafi, yadda nake wa kwano.

AFINIKI: Toka, Kaka?

LAI'ATU: Jan ya bi ruwa. Yanzu ina ganin tafin hannuna ta cikinsa. Shekara shida mamanki Roseline tana ƙasa, sai ranar nan gidan ya yi mini shiru.

AFINIKI: Kada ki damu. Akwai irinsu a kanti nan, zan aiko da kwali guda ta jirgi.

LAI'ATU: Ba irinsu ba ne. Baturiyar mishan da na yi wa girki ta ce kakanta ne ya hura su a Jamus, da bakinsa, a kan wuta. Numfashin mutum ne a ciki. Ranar da za ta koma ƙasarsu ta ba ni takwas, na raba wa kowa nasa. Ke kika ɗauki... Kina ji?

AFINIKI: Layin ya ɗan yanke. Shuɗin na ɗauka, mai wutsiya.

LAI'ATU: Yana nan. Shekara uku bai ga rana ba.

AFINIKI: To ki rataya mini shi bana. Sun sa ni aiki ranar Kirsimeti, sababbi ba sa samun hutu.

LAI'ATU: Ba na rataya wa mai rai. Kin san dokar gidan. Na kakanki, na kawunki Nicholas, na mamanki, waɗannan hannuna ne ke rataya su. Mai ƙafa shi ke zuwa ya rataya nasa.

AFINIKI: Sau ɗaya kawai, Kaka.

LAI'ATU: In na rataya naki a jikin reshen Kirsimeti, kusa da nasu, me na ce ke nan?

AFINIKI: Kaka...

LAI'ATU: Kin tafi?

AFINIKI: Ina nan. Akwai wata 'yar Kagoro a ɗakinmu, wataƙila ta karɓar mini kwana huɗu. Ban yi alkawari ba. Jirgin Ikko har yanzu sai an canza a Kaduna?

LAI'ATU: Ni na sani? Ki dai shiga, zan tsaya a tasha kowace rana. Akawu, ɗana, cire hannunka daga wayar, ban gama ba. Afiniki, ki zo da rigar sanyi, kuma kada ki—