Hoton Babana a Puebla

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Daga unguwar Tremont a nan ƙasar waje nake rubutowa, amma don Allah a sakaya sunana.

Da na gama jami'a bana, maƙwabcinmu ɗan Meziko, abokin aikin marigayi babana a wurin wankin mota, ya tafi da ni ƙauyensu kusa da Puebla tare da iyalinsa, in ga bikin tunawa da mamata na farkon Nuwamba.

A gidan mahaifiyarsa an ƙawata tebur da furanni, kyandirori, burodi da takardu masu launi yankan hannu. Cikin hotunan danginsu sai ga babana da hularsa, an ajiye masa goro a faranti.

Na ce wa maƙwabcin namu, "Baba, mu fa ba ma haka."

Ya ce, "Na sani, 'yata. Amma shi kaɗai yake raka ni asibiti. Ina zan bar shi?"

Na tambaya sosai. Ba sujada suke wa hotunan ba, amma sun yarda ruhin mamaci yana kawo ziyara ranar.

Mama ba ta sani ba, kuma duk Juma'a tana aika wa gidan maƙwabcin tuwo. Ina tsoron in na faɗa mata zumuncin ya yanke. Malamai da iyaye masu sauraro, in faɗa ko in yi shiru?