Taswirar Malam Sama'ila da Zaren Lantana

Jawabin Malam Muhammadu Lawal a taron sadakar arba'in, Kudan, 1964

Da sunan Allah muke farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ranka ya daɗe Hakimi, Allah gafarta Malam Liman, dagatanmu, Malam Tukur yayan mamaci, da Lantana matar mamacin da ke jinmu daga bayan katanga, sannunmu da wannan rashi.

An ce in yi magana da yawun jama'a, ba don na fi kowa baki ba, sai don shekara shida ina rubuta wasan kwaikwayon makarantarmu, marigayi Malam Sama'ila yana sa masa haske da ƙara.

Ya kasance mutumin da muka raina, mu faɗi gaskiya. Da ya dawo daga gareji a Zariya da buhun wayoyi, cewa muka yi iska ta taɓa shi. Ya kasance mai toshe tagogin aji da tabarmi da rana tsaka, ya yi walƙiya da fitilar mota, ya yi tsawa da fallen kwano. Ranar wasan farko Iya Adama ta zabura tana ihu, "Wayyo shanyata! Ku ba ni hanya!" Ta fita ta tarar rana ta ƙwalle, ta dawo tana ta zaginsa, shi kuwa dariya har da hawaye.

Ya kasance mai son a taɓa aikinsa. Bara a wajen nunin amfanin gona na Makarfi, kowace rumfa an rubuta kada a taɓa, ban da tasa. Taswirar ƙasarmu ya zana a kan katako, gari ashirin da uku, kowane da ƙusa da ƙwan lantarki. Ka ɗora sanda mai waya a kan Likoro, ƙwai ya kama, 'yar ganga ta amsa. Ka taɓa Gubuchi, ƙararrawar keke ta buga. Na ga tsohon da bai taɓa riƙe fensir ba ya nemo garinsu da hannunsa, ya juyo ya ce da ni, "Malam, ashe mu ma muna ciki?"

To jama'a, ga abin da ya hana ni sukuni. Gara ta ci katakon, ya kwance wayoyin duka don ya sake sabo, ya gama zanen a sabon katako ke nan ciwon ajali ya kama shi. Bai bar rubutu ba. Sau nawa ya ce mu zo mu koya, muka ce sai an gama girbi? Ni ma haka na ce masa, kuma kunyar nan ba za ta bar ni ba. Alamarsa ɗaya ce, zaren da Lantana ke ɗinkin hula da shi. Ita take ɗaura wa kowace waya launinta da ƙullinta, ita kaɗai ta san zaren kowane gari. Ita kuma tana takaba.

Malam Tukur, na ji ranar Asabar za a raba gado, batir ya tafi gida ɗaya, wayoyi wani gidan, katakon a yi ƙyaure da shi. Haƙƙinku ne, ba mu ja ba. Amma in an raba, abin ya mutu, ba mai tada shi har abada. Don Allah, don zumuncin da ke tsakaninka da ƙanenka, ku ba mu mako biyu.

Allah gafarta Malam Liman, ba mu ce Lantana ta fito ba. A bar matanmu su shigar mata da katakon tsakar gida kawai. Jiya ta aiko matata Ummulhairi da saƙo, ta ce, "Gaya wa Malam, ja mai ƙulli biyu Kudan ne. Sauran ma suna kaina, amma kullum sai na wayi gari na ji ɗaya yana neman ɓace mini."

Da safen nan na haɗa waya mai jan zaren inda ta ce. Ga katakon nan a jingine, gari ashirin da biyu a mace. Malam Tukur, taso ka karɓi sandar nan, ka taɓa Kudan da hannunka, sannan ka ba mu amsa.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah Ya jiƙan Malam Sama'ila, Ya yafe masa, Ya yafe mana sakacinmu, Ya ba Lantana haƙuri, Ya tsare mata abin da ke kanta. Mutumin nan ya haskaka garuruwanmu ɗaya bayan ɗaya, ya Allah Ka haskaka kabarinsa. Amin.