Motar da Ta Fito a Bidiyo

A tashar bas, wani malamin makaranta, wanda motarsa ta daɗe a garejin bakanike, yana zaune yana jira, sai dattijon da ke gefensa ya miƙo masa waya ba tare da an roƙe shi ba.

"Malam, kalli wannan mawaƙin. Ba kamfani, ba ubangida, da kansa yake ɗora waƙoƙinsa a intanet."

"Baba, ai muryar kamar ana jan tebur a kan siminti."

"Wa yake ta murya? Mota ake kallo. Ɗana ne, autana."

"Allah Ya raya. Tsaya, ɗan mayar da shi baya."

"Ka gani? Ta fara shigarka."

"Wannan lotsawar ta ƙofar baya, ni na yi ta da ginshiƙin makaranta. Motata ce! A kan bonet ɗina 'yan matan nan suke rawa!"

Dattijon ya gyara zama. "Aro ne, malam. Bakaniken abokinsa ne. Duk motar da mai ita ya cika haƙuri, ita suke ɗauka."

"Shi ne kullum yake ce mini injin ya mutu?" Malamin ya ƙura wa wayar ido, fushinsa ya fara sauka. "Amma dubi yadda take gudu! Ashe ta tashi. Alhamdu lillahi, yau zan karɓo abata."

"Tashi kuma? Gangara muka samu, malam. Da ni aka tura ta, har yanzu bayana bai sake ni ba."