Muna Kan Tumaki Tukuna

A tashar bas ta bakin wani asibiti a Utrecht, wani tsoho ya ƙura wa makullin wata mata ido.

"'Yata, wannan farin abu mai kama da saƙar zuma da ke jikin makullinki fa?"

"Aikina ne, Baba. Inji ke zuba shi layi-layi. A sa shi inda ƙashi ya gutsure, sabon ƙashi ya bi ramukan ya tsiro, shi kuma ya narke."

"Ashe sana'armu ɗaya. Shekara arba'in ina kafa wa magina ƙarafan hawa. Gini na ƙarewa a kwashe, ba mai tuna ka."

"Kai naka na tsayawa. Ni in na matse ramukan ƙashi ya ƙi shiga, in na buɗa abin ya rushe. Shekarata tara a haka."

"Matata Geertje na kwance a ciki, ciwo ya cinye mata muƙamuƙi. Yaushe za a fara sa wa mutane?"

"Muna kan tumaki tukuna. Wataƙila nan da shekara goma."

"Shekararta saba'in da shida."

Matar ta tura makullin cikin jaka.

"Fito da shi in ƙara gani," in ji tsohon. "Gobe zan ce mata na gan shi da idona. Zancen tumakin ne ba zan yi ba."