Na Wuce Ingunn a Daji

A ɗakin jiran jirgin ƙasa da ke bakin daji, bayan birnin Oslo, Torvald ya jingine katakonsa na zamiya a kan ƙanƙara yana haki. Wata tsohuwa na gefe tana ɓare lemo.

"Iya, yau na wuce Ingunn Tverdal!"

"Zakarar gudun ƙanƙara? Mai lambobin zinare cike da gida?"

"Ita fa! Ban gane ta ba, na daka mata tsawa ta ba ni hanya. Ta kauce, har da ba ni haƙuri. Ni da ciwon gwiwa!"

"To, barka."

"Barkar me? Matar da tun ina saurayi nake kwaikwayon tafiyarta. Murna zan yi ko kuka?"

"Kwantar da hankalinka, ɗan nan. Ni ma na wuce ta."

"Ke?"

"Ni, da ƙugun ƙarfen da likita ya sa min."

Torvald ya dafe kai. "Shi ke nan, ba ta da lafiya. Ƙasa ta shiga uku!"

"Garau take. Tsaye na same ta a kan tudu, baki buɗe. Ta ce tun tana yarinya take gudu a dajin nan, idonta a ƙasa, sai bana da ta bar gasa ta ga ashe akwai tafki a gindin tudun."

"Kai, abin tausayi!" Can ya ɗago. "Iya... wane tafki?"