Dodon da 'Ya'yanmu Suka Buɗe wa Ƙofa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, wanda a hannunSa tsaron kowane gida yake.

Mai girma shugaban wannan zama, shugabar makaranta da mataimakanta, malamai maza da mata, jami'in 'yan sandan da ya bar aikinsa ya zo ya zauna da mu, likitan da nake aiki a ƙarƙashinsa, iyaye maza, iyaye mata, da ku 'yan matan da aka jera a bencinan baya, waɗanda na san da za a ba ku zaɓi da yanzu kuna gida: aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ku baki ɗaya.

Ina godiya ga hukumar makaranta da ta ba ni wannan dama. Ina godiya ga ƙanena da matarsa, da suka yarda in kawo maganar gidanmu gaban jama'a, alhali an san ba abu ne mai sauƙi ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibitin da ke bayan katangar makarantar nan. Na fi sabawa da auduga da allura a kan abin magana, saboda haka idan muryata ta yi rawa, a yi mini uzuri.

Maganata a kan littattafan soyayyar masu shan jini ce, waɗanda 'ya'yanmu mata suke karantawa, wasu a takarda, mafi yawa a waya. Zan bi ta daki-daki.

Na farko, mene ne a cikinsu? Muna yara, dodon da aka tsorata mu da shi mummuna ne, mai gashi, mai wari, da an ambace shi sai mu shige bayan iyayenmu. Dodon waɗannan littattafai saurayi ne kyakkyawa, mai sanyin murya, mai tsabtar tufafi. Ba ya tsufa, ba ya mutuwa, ba ya cin abinci, jinin mutane yake sha. Ya shekara ɗaruruwa a duniya bai ga wadda ta yi masa ba, sai ya shigo wani aji, ya wuce kyawawan ajin, ya wuce masu ƙoƙarin ajin, ya tsaya a kan yarinyar da ba wanda yake kulawa da ita.

Bayan abin da ya faru a gidanmu na nemi irin littafin na karanta. Ina gaya muku gaskiya, da furfurata da jikokina, sai da tukunyata ta kama a kan wuta ban sani ba. Don haka kada wani a cikinmu ya ce yaran nan wawaye ne. Yarinya tana gida, aike ne da faɗa. Tana makaranta, jarrabawa ce da gori. Ta duba madubi, ba ta son abin da ta gani. Sai ga littafi yana raɗa mata cewa akwai wanda yake sauraron bugun zuciyarta daga nesa, wanda ya san ranta ya ɓaci tun kafin ta buɗe baki. Wa ya ƙi a zaɓe shi? Wa ya ƙi a saurare shi?

Na biyu, me suke koyarwa? Suna koyar da cewa wanda yake bin ki a baya ba ki sani ba, tsaron ki yake yi. Suna koyar da cewa wanda ya raba ki da ƙawayenki, son ki ne ya yi masa yawa. Suna koyar da cewa wanda ya ce miki, "Ni haɗari ne gare ki, ki guje ni," shi ne ya fi cancanta ki bi. Suna koyar da cewa so ba ya cika sai an ji ciwo, kuma sirri ba ya daɗi sai an ɓoye wa uwa. Yara da yawa za su karanta su ajiye, su yi dariya su wuce, na yarda da wannan. Tsorona ba a kan littafin kaɗai yake ba. Tsorona a kan babban mutum ne da shi ma ya karanta, ya haddace, ya gane cewa an riga an share masa hanya.

Na uku, abin da ya same mu. 'Yar ƙanena ce, a gida Auta muke ce mata, shekararta sha shida ba ta cika ba. Yarinya ce mai dariya, mai ci, mai tsokanar kakarta. Bara ta shiga wani dandalin karatu a waya tare da wasu 'yan ajinsu. Muka ga ta fara sauke labulen ɗakinta da rana tsaka. Ta fara ture kwanon abinci. Ta fara shafa hoda har fuskarta ta yi fari fat. Babanta ya riƙa ce mata Jemage. Da ta ba kakarta labarin saurayin littafin, tsohuwar ta ce, "To ai wannan ne mijin aure, 'yar nan. Ba cefane, ba girki, ba wanke-wanke. In kin samo shi ki ara mini." Muka yi dariya duk gidan, har da Auta.

Abin da ba mu sani ba shi ne, a cikin dandalin nan akwai wani mutum da yaran suke kira Marubuci. Shi yake ƙirƙirar labari yana turo musu babi-babi. Sannu a hankali ya fara sa su a cikin labarin. Yarinyar babin yau tana da irin jakar Auta, tana bin irin hanyar da Auta take bi zuwa gida, tana tsayawa a shagon da Auta take tsayawa ta sayi biro. Ku iyaye, kun ji abin da wannan yake nufi: bin ta yake yi. Ita kuwa abin da ta ji shi ne, a duk faɗin duniya an samu wanda ya gan ta.

Wata safiya ina cikin jera magunguna, sai ga malamar ajinsu da wata ɗaliba sun riƙo Auta, ta faɗi a aji. Jikinta zafi kamar an ɗauko ta daga kan murhu. Na kai hannu zan naɗe hannun rigarta in auna jininta, sai ta fizge. Na ce, "Auta, ni ce fa, Gwaggo." Ta ce, "Gwaggo, ki auna a ɗayan." Ban saurare ta ba, na naɗe. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu a kumbure yake, yana sheƙi. Ga tsagar reza a jere, wasu sun bushe, wasu suna ruwa, ga wani jan layi ya miƙe yana hawa sama. Duk wanda ya yi aikin asibiti ya san wannan layin. Na yi shekaru ina wanke raunuka, amma ranar nan sai da likita ya karɓi almakashin daga hannuna.

Ɗalibar da ta rako ta, ƙawarta ce tun suna ƙanana, ita ta fashe da kuka ta faɗi komai. Ta ce Marubuci ya gaya musu labarin ba ƙage ba ne, labarin kansa yake rubutawa. Ya ce ba ya so ya cutar da kowa, shi ya sa yake zama da ƙishi, kuma ƙishin yana neman kashe shi. Bai taɓa cewa a ba shi ba. Yaran ne da kansu suka roƙe shi ya karɓa. Suna shiga bayan ɗakin ajiyar kujeru lokacin hutun tara, da reza ɗaya, suna ɗiga jininsu a 'yar kwalbar turare. Idan an tashi, ɗaya ta kai wa wata mota mai baƙin gilashi da ke tsayawa a ƙarshen layi. Gilashin ya sauka kaɗan, hannu ya fito ya karɓa, gilashin ya koma. Reza ɗaya, jama'a, tana yawo daga hannun wannan zuwa hannun waccan.

Da zazzaɓin ya sauka na zauna a bakin gadonta. Na ce, "Auta, wane ne mutumin nan?" Ta ce, "Ba za ki gane ba." Na ce, "Gwada ni." Ta ce, "Gwaggo, shi ne ma kullum yake ce min in rabu da shi. Ya ce in na ci gaba zan sha wahala. Mugu zai faɗi haka?" Na ce, "Kin taɓa ganin fuskarsa?" Ta ce, "Sau ɗaya. Ya ce haske yana cutar da shi." Na ce, "Yaro ne ko babba?" Ta ce, "Ai shi shekaru ba sa aiki a kansa."

Ba jini yake so ba, jama'a. Jami'in da ke zaune a nan ya gaya mana irin waɗannan kwalabe a kwata suke ƙarewa. Gwaji yake yi. Yarinyar da ta iya yanka jikinta saboda shi, ta kuma ɓoye wa uwarta, ya san ranar da ya ce ta shigo mota za ta shigo.

Kuma an shiga. Auta tana kwance a gadonmu ana ɗura mata magani a jijiya, wata 'yar dandalin, 'yar telan da yake ɗinka wa yawancin yaran nan kayan makaranta, ta fito bayan an tashi, rana tsaka, layi cike da mutane. Mai sayar da ruwa ya gan ta. Ba a ja ta ba, ba a tura ta ba. Ta gyara jakarta, ta buɗe ƙofar baya da hannunta, ta shiga. Har yanzu da nake tsaye a gabanku ba a ji ɗuriyarta ba. Mahaifinta yana cikin ɗakin nan. Ba zan nuna shi ba, amma ya ce in gaya muku cewa shi da kansa ya saya mata wayar, don ta ci jarrabawa, kuma kullum ya leƙa ya ga tana karatu sai ya sa mata albarka ya ja mata ƙofa.

Na huɗu, abin da nake roƙo. Na san akwai uban da tun ɗazu ya yanke shawarar yana komawa gida zai ƙwace waya ya ƙona littattafai. Ina roƙonka, ka dakata. Mutumin nan ya riga ya gaya musu cewa iyayensu ba za su fahimta ba, za su yi ihu, za su raba su. Ranar da ka yi haka, ka gaskata shi, ka kuma miƙa masa 'yarka. Ka zauna da ita. Ka ce ta ba ka labarin, ka saurara har ƙarshe ko da ranka yana ɓaci. Ki tambaye ta, ke uwa, me ya burge ta da saurayin nan, kada ki yi mata dariya kamar yadda muka yi. Ki san su wa ke cikin dandalin da take. Ki ga hannuwanta, ki ga wuyanta, ba da bincike irin na ɓarawo ba, da hannun da kika yi mata wanka da shi.

Ku malamai, ku san lungunan makarantarku. Ku masu rubuta wa yaranmu labarai, in akwai ku a nan, ba na ce ku daina ba, amma ku sani akwai masu karanta ku da ba nishaɗi ya kawo su ba.

Ku kuma 'yan mata na baya, ku ɗago ku dube ni. Ban zo in kunyata ku ba. Ku karanta abin da kuke so, ku ji daɗinsa. Amma duk babban da ya ce ki ɓoye shi ga mahaifiyarki, ba mai shekara ɗari ba ne, ba mai ciwon haske ba ne, mutum ne mai cin abinci kamar kowa, kuma ya san abin da yake yi. Idan akwai wadda rezar nan ta taɓa, ko wadda ta san wani abu game da motar nan ko da launin kujerunta ne, ƙofar asibitinmu a buɗe take. Ba duka, ba zagi, ba kiran suna a taro. Ki zo a gwada jininki. Ki zo ki faɗi abin da kika sani, don akwai uwar da ta daina barci.

Auta ta koma gida. An ceci hannun, ko da yake tabon zai zauna. Gwajin jininta na farko ya fito lafiya, muna jiran na biyu, kuma duk wanda ya taɓa jiran irin wannan sakamako ya san yadda abinci yake a baki. Mun ɗauka mafi munin abin ya wuce. Jiya da la'asar na je canza mata bandeji, muna zaune a falo, mahaifiyarta tana ninke wanki. Auta ta san 'yar tela ta ɓace, ta yi kuka a kai, ta ba 'yan sanda amsar duk abin da suka tambaya. Ina cikin ɗaure hannun sai ta matso kusa da kunnena, ta rage murya don kada uwarta ta ji, ta ce, "Gwaggo, me ya sa ita ya ɗauka, ba ni ba?"

Na ƙarasa ɗaurin, na tattara kayana, na fito.

Ya Allah, Ka dawo da 'yar mutane gidan iyayenta lafiya. Ka toni asirin wannan mutum da ire-irensa, Ka tsayar da hannunsu kafin su kai ga wata. Ka warkar da raunin da muke gani, Ka warkar da wanda auduga ba ta kai wa gare shi. Ka ba iyaye haƙurin sauraro, Ka ba malamai ido, Ka ba 'ya'yanmu zuciyar da za ta bambance mai son su da mai farautar su. Ka mayar da kowa gidansa lafiya, ya tarar da iyalinsa cif.

Na gode.